Ɗigo a Kan Ninkin Takarda

Amurka, 9 ga Afrilu

Kawu Mu'azu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, kai da Umma Zuwaira da duk mutanen gida. Yaya ƙafar? Mama ta ce da ta zo Kiru daga Tudun Wada ta same ka kana ɗingishi, ka ce wai takalmi ne. Ni lafiya lau, sai mura da ta ƙi sakina tun da sanyi ya fara ja baya.

Da hannu na rubuta kamar yadda ka sharɗanta, na ɗauki hoton na turo wayar Umma. Ban manta ba, ka ce saƙon murya surutu ne, ba wasiƙa ba.

Kawu, yau kwanana shida a garin Lauya Iliyasu. Malamar da ke duba aikina na digiri na biyu ta yarda in yi bincikena a kansa. Su a nan Elias Harnwell suke cewa, kai ne ka mayar da shi Iliyasu don bakinmu ya iya. Na ga ofishinsa mai ɗaki ɗaya, na ga jakar sirdin da yake zuba takardun shari'a. Na tsaya gaban mutum-mutuminsa a dandalin gari na karanta jawabin da ka sa muka haddace a aji huɗu, ƙasa-ƙasa, kada a ce baƙuwa ta zautu.

Amma akwai abu biyu. Na farko, yana da bayi, har tara. Ba ka taɓa gaya mana ba, ban sani ba ko littafinka ne bai faɗa ba.

Na biyu shi ne dalilin wannan wasiƙa. A cikin akwatin takardunsa akwai wata guda da aka ninke huɗu. Masu ajiya sun rubuta a kanta cewa addu'ar Larabci ce da bawansa Jumo ya rubuta. Na nuna wa wata abokiyar karatuna 'yar Sudan. Ta karanta Bismillahi ta tsaya, ta ce sauran ba Larabci ba ne. Ka san ajamina, izu biyar na yi na bar allo. Amma na ƙura ido, sai na ga ba, ba, jim, ya. Bebeji, Kawu. Sai da na nemi kujera.

Kusan shekara ɗari biyu tana cikin akwati, ba wanda ya san Hausa ce. Ga hotonta nan. Don Allah ka karanta mini.

'Yarka,
Nusaiba


Kiru, 16 ga Afrilu

'Yata Nusaiba,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna lafiya, alhamdulillahi. Ƙafa da sauƙi. Mamanki Salamatu tun muna yara take kai ƙarata, ashe taubashiya ba ta tuba. An yi yayyafi shekaranjiya, mutanen Yako har sun fara share gonaki. Ki sha citta da lemon tsami saboda murar, in suna da citta ta gaske a can.

Da Zuwaira ta miƙo mini wayar sai da na karanta wasiƙarki sau uku. Ke, 'yar da ta zo gidana da akwatin ƙarfe tana kukan Tudun Wada, yau ke ce tsaye a ƙofar ofishin Lauya Iliyasu. Ni ban wuce Kaduna ba, amma ƙafarki ta kai ni.

Bari in gaya miki abin da ban taɓa faɗa a aji ba. Ina kwalejin horon malamai aka kawo kwalin tsofaffin littattafai daga waje. A ciki na tsinci nasa, ba bango, ɓera ya cinye shafukan ƙarshe. Abin da ya kama ni shi ne ubansa majemi ne, kamar kakana na wajen uwa. Yara suna toshe hanci in ya shigo aji. Shekara bakwai yana share ofishin wani lauya, yana karanta abin da ya tarar a kan tebur, har aka yi masa jarrabawa ya ci. Ya bi alƙali gari-gari a kan doki. Ya ƙwato wa wata bazawara gonarta daga hannun mai ƙarfi. Ya shiga majalisar jiha. Da yaƙi ya zo, gwamnati ta nemi a ba ta ikon tsare mutum ba shari'a, shi kaɗai ya miƙe ya ce jikin mutum shi ne gidansa na farko, ba mai shiga sai da izinin doka. Ya faɗi zaɓe saboda wannan magana. Bayan shekara shida suka dawo da shi, suka tura shi majalisar ƙasa, ya ƙare yana alƙali.

Na fara koyarwa lokacin mulkin soja. Ranar da na rubuta wannan jimla a allo, shugaban makaranta ya kira ni ya ce in ina son kwana a gidana in goge. Ban goge ba. Tun daga ranar yara suke ce mini Malam Iliyasu, yau shekara talatin da takwas.

To kin ga yadda maganar bayin ta same ni. Littafina bai faɗa ba, wataƙila tana cikin abin da ɓeran ya ci. Na ture tuwona a ranar. Amma takardar da kika turo ita ta wanke mini zuciya. Ba addu'a ba ce, wasiƙa ce. Ga abin da ta ce:

"Bismillahi. Daga Ɗanjuma ɗan Khadija, mutumin Bebeji, zuwa ga uwata in tana da rai. Ina gaishe ki gaisuwa mai yawa. Ina wata ƙasa bayan ruwan gishiri, inda ba a kiran salla. Ubangijina mai shari'a ne. Ya maishe ni ɗa."

Akwai layi ɗaya a ƙasa, tawada ta narke, ban iya fitar da shi ba.

Jumo ɗin nasu Ɗanjuma ne. "Ya maishe ni" tsohuwar Hausa ce, wato ya mayar da ni. Ki duba, da wannan harafi na ɗa mai hannu ya rubuta "ɗan Khadija", da shi kuma ya rubuta abin da lauya ya mayar da shi. Kalmar da ya haɗa kansa da uwarsa, ita ya ba wannan mutum. Zamani ya ɗora wa Iliyasu bayi kamar yadda ya ɗora wa kakanninmu, amma ya ɗauki nasa tamkar ɗan cikinsa. Haka za ki fassara musu.

In an gama jarrabawar fita zan kai wa Malam Jibrin na Ɗansoshiya, tsohon malamin allo da ya ƙware a ajami, ya duba layin ƙarshe. Amma kada ki jira ni. Abin da na karanta na tsaya a kansa.

Allah ya yi miki albarka.

Kawunki,
Mu'azu


Amurka, 20 ga Mayu

Kawu,

Gaisuwa mai yawa. Murar ta tafi, cittarsu ba ta da yaji amma ta yi. Ina fatan ka je asibiti game da ƙafar. Umma ta ce har yanzu kana cewa gobe.

Albishirinka. Ranar Asabar ƙungiyar tarihin garin ta gayyace ni. Mutum kusan sittin, yawanci tsofaffi. Na haska takardar a bango, na karanta ta da Hausa kamar yadda ka rubuto, sannan na fassara.

Bayan an tashi wata tsohuwa ta zo da sanda. Daga zuriyar Lauya Iliyasu take, shekararta tamanin da ɗaya. Ta riƙe hannuna tana kuka. Ta ce tun tana yarinya take jin kunyar waɗannan mutum tara, ba ta taɓa kai jikokinta gaban mutum-mutumin ba. Ta ce in gaya wa kawuna ya sauke mata kaya. Washegari ta aiko mini da burodin da ta gasa da kanta.

Ga babban labarin. A watan Oktoba za su yi bikin cika shekara ɗari biyu da hamsin da haihuwar lauyan. Sun yanke za su sassaƙa dutse a gindin mutum-mutumin: layin "ya maishe ni ɗa" da ajami kamar yadda Ɗanjuma ya rubuta, da fassararsa, a ƙasa kuma a sa "Malam Mu'azu na Kiru ne ya karanta". Sunanka da na Lauya Iliyasu a dutse ɗaya, Kawu. Mai sassaƙa zai fara a Agusta.

Malamata ta ce in mayar da babin maƙala in aika wa mujalla kafin ƙarshen Yuni. Ta ce in ta fito, ita da kanta za ta tsaya mini a kan digiri na uku.

Layin ƙarshe kawai ya rage. Da zarar Malam Jibrin ya gani ka turo.

'Yarka,
Nusaiba


Kiru, 14 ga Yuli

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Masara ta kai ƙugu, ruwa yana sauka yadda ake so. Na je asibiti, sun ce suga ne, sun ba ni magani. Na ga saƙonninki duka a wayar Zuwaira. Ni na ce ta ce miki ina duba takardun jarrabawa. Ba gaskiya ba ne.

Ranar takwas ga Yuni na je Ɗansoshiya. Na tsaya a Kwanar Dangora aka fitar mini da hoton a babbar takarda. Malam Jibrin ya haura casa'in, idonsa ya yi rauni, ba ya ganin rubutu. Na zauna gabansa a zaure na karanta masa tiryan-tiryan. Da na gama ya ce, "Kai Mu'azu, karatu kake ko waƙa? Koma baya. Faɗa mini harafin da ka gani, ba kalmar da kake so ba."

Na koma ina kiran haruffa ɗaya-ɗaya kamar ɗan kotso a makarantar allo. Da na zo layin nan na ce, "Ya."

Ya ce, "Ba komai kafin ta?"

Na ce, "Akwai ɗan datti a kan ninkin takarda, Malam, kamar kashin ƙuda."

Ya ce, "Duba ƙarƙashinsa. Ƙudan naka yana da wutsiya?"

Na duba. Akwai ɗan lanƙwasa da ninki ya kusa cinyewa.

Ya ce, "Zaira ce, harafin za. Karanta."

Na ce, "Za ya maishe ni ɗa."

Ya ce, "To ɗan boko, me ka ce ɗa yake nufi?" Na faɗa masa. Ya girgiza kai. Ya ce, "A bakin bawa, ɗa ba haihuwa ba ce. Mutane iri biyu ne a duniyarsa, ɗa da bawa. Kakata haka take magana. Ba kai ke koya wa yara 'yanci ba? Daga ina kake tsammani kalmar ta fito? Wannan bawan Allah cewa yake ubangijinsa ya yi alkawari zai 'yanta shi."

Muka yi layin ƙarshe haka nan, ina kiran abin da ya saura na kowane harafi, yana haɗawa. Ya ɗauke mu daga hantsi har azahar. Ga shi:

"Damina bakwai ke nan da ya faɗa. Ina jira. Kada ki yi kukana tukuna."

Nusaiba, zan iya ce miki tsufa ne, ko hoton ne bai fito ba. Amma na ga ɗigon nan tun ranar farko. Na sa gilashi na gan shi sarai, na ce datti ne. Kuma ma'anar ɗa ba baƙuwata ba ce, na sha rubuta ta a allo. Ina so mutumina ya fita, sai na karanta abin da zai fitar da shi. Mutum ya rubuta wa uwarsa cewa an yi masa alkawari an bar shi yana jira, ni na mayar da kukansa yabo ga wanda ya sa shi jiran. Kuma na ba ki ki kai gaban jama'a.

Laifi na biyu ya fi na farko. Yau kwana talatin da shida da sanina. Na fara wannan wasiƙa sau huɗu ina yagawa. Kullum in tuna dutsen nan da sunana a jiki, in ce gobe. Yau da safe Zuwaira ta ajiye mini koko ta ce, "Malam, shi wancan damina bakwai ya sa mutum jira. Kai nawa ka yanka wa yarinyar nan?" Shi ne na zauna.

Ki tsayar da mai sassaƙa. Ki ba ni adireshin malamarki da na ƙungiyar da na tsohuwar nan, in rubuta musu da Turanci in ce ni ne, ba ke ba.

Ban san da wane baki zan ce ki yafe mini ba.

Mu'azu


Amurka, 2 ga Agusta

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Ka riƙa shan maganin a kan lokaci.

Ranar ashirin da biyar ga Yuni na aika maƙalar. Kwana goma sha bakwai ke nan bayan ka dawo daga Ɗansoshiya. Na ƙirga.

Na janye ta. Malamata ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta cire gilashi ta tambaye ni mutum nawa suka duba karatun kafin in tsaya gaban jama'a. Na ce ɗaya. Ta ce to.

Na je wajen tsohuwar da kaina. Na karanta mata daidai. Ta ce, "Amma kawunki ya ce." Sannan ta tambaye ni ko ba zai yiwu duka biyun su zama gaskiya ba, ya ɗauke shi ɗa kuma yana niyyar sakinsa. Na ce zan duba. Na je ɗakin ajiyar kotu na yi kwana huɗu.

Kawu, bai sake shi ba. Wasiyyarsa tana nan, shafi shida, har wanda zai gaji littattafansa ya faɗa. Bai 'yanta kowa ba. A jerin kayan gado Jumo yana tsakanin dokin hawa da agogon bango. Wata huɗu bayan rasuwarsa aka sayar da shi ga wani mai kai bayi kudu. Daga nan ba sauran labarinsa.

Akwai abin da ya fi wannan. A jiharsu akwai dokar da ta ce ba a 'yanta bawa sai majalisa ta amince. Na ga daftarinta. Rubutun hannunsa ne, na san shi yanzu kamar naka. Shekara goma sha ɗaya yana zaune a majalisar bayan haka, bai taɓa kai sunan Ɗanjuma ba. Da ya ce jikin mutum gidansa ne, ban san wa yake kira mutum ba.

Na koma na gaya wa tsohuwar. Ba ta yi kuka ba wannan karon. Ta raka ni bakin ƙofa ta rufe a hankali.

Na cire sunanka daga aikin. Kada ka turo komai.

Nusaiba


Kiru, 5 ga Satumba

Nusaiba,

Assalamu alaikum. Kin ce kada in turo komai, na yi wata guda ina bin umarni. Ki yi haƙuri da wannan, gajeruwa ce. Muna lafiya. An fara cin sabuwar masara. Ƙafa ta ɗan kumbura, ina shan magani.

Kin yi daidai da kika cire sunana. In kin ga ya dace ki cire ni daga sauran abubuwan ma, ba zan ce kin zalunce ni ba. Na gaya wa mamanki komai da bakina, don kada ta ga shiru tsakaninmu ta ɗora miki laifi.

Littafin na ɗauke shi daga aji, yana ƙasan akwati. Jiya a kasuwa wani tsohon ɗalibina ya ƙwala mini kira, "Malam Iliyasu." Na yi kamar ban ji ba har ya biyo ni ya riƙe mini keke.

Abu ɗaya nake so ki riƙe. Shekara ukun da kika yi a gidana, abin da na koya miki na cewa a duba kafin a faɗa, gaskiya ne, ko da wanda ya koya miki bai bi ba.

Ba sai kin amsa ba.

Mu'azu


Amurka, 8 ga Satumba

Kawu,

Ka sake karantawa ba daidai ba.

Na cire sunanka ne don kada kuskuren ya hau kanka. Na ce musu ni na yi gaggawar fassara. Da na ce kada ka turo komai, takardun ban-haƙurin da ka ce za ka rubuta musu nake nufi. Wata guda ina duba waya, ina cewa Kawu ya yi fushi don na faɗi abin da mutuminsa ya yi. Ni zan cire ka? Wa ya sayar da akuyarsa ya kai ni Kano rubuta jarrabawa?

Ban ce na huce ba. Kuskuren ɗigo na yafe tun ranar. Kwana talatin da shidan ne har yanzu yake mini ciwo, kuma zai ɗan jima.

Ga yadda aka ƙare. Na roƙi ƙungiyar su sassaƙa layin yadda yake, da zairarsa. Sun yi zama biyu, suka ce biki ne, ba wurin wannan ba ne. Sun fasa dutsen gaba ɗaya. Za a ajiye furanni, a karanta jawabin. Ba za a ambaci Ɗanjuma ba. Maganar digiri na uku malamata ta ce mu bari sai baɗi mu gani. Babin kuwa na sake rubuta shi daga farko, da wasiƙar cikakkiya.

Kawu, akwai abin da ya tsaya mini. Wasiƙa ce, da sunan mai ita da garinsu. Ɗanjuma ya ba wanda yake tsammani zai aika, aka jefa a akwati. Ni ba zan iya zuwa ba sai na gama. Daga Kiru zuwa Bebeji ba nisa. In ƙafar ta bari, ka kai.

Ka daina hawa keke da kumburi.

'Yarka,
Nusaiba


Kiru, 21 ga Satumba

'Yata Nusaiba,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, kumburin ya sauka, keke yana jingine. Zuwaira ta ce in gaya miki da ta karanta mini layinki na farko sai da ta yi dariya har da hawaye, ta ce a ƙwace mini takardar shaidar malanta. Ciwon kwana talatin da shida ki riƙe shi iya yadda ya kamata, ba zan yi miki gaggawa ba.

Amma ban yarda da abu ɗaya ba. Ba ke kika yi kuskuren ba, kada ki rubuta cewa ke ce. Ya isa haka, an ɗora wa takardar nan abin da ba ta faɗa ba sau biyu, su suka ce addu'a ce, ni na ce yabo ce. Ki mayar da sunana. Ki rubuta cewa Mu'azu na Kiru ya karanta ba daidai ba saboda son da yake yi wa lauyan, Malam Jibrin na Ɗansoshiya ya gyara. In malamarki ta ga kin dogara da tsoho mai son zuciya, wannan laifi ne ƙarami, kuma shi ne gaskiya.

Littafin ma na fito da shi. Ranar Litinin na raba allo biyu, jawabin a dama, wasiƙar a hagu. Na ba 'yan aji biyar labarin duka har da nawa. Wata yarinya mai suna Bahijja ta ɗaga hannu ta ce, "Malam, to jimlar tasa ƙarya ce?" Na ce jimlar gaskiya ce, mai ita ne bai kai ta cikin gidansa ba. Ta ce, "To wanne za mu haddace?" Na ce duka biyun, kuma duk wanda ya bar zaira zai maimaita aji.

Jiya Asabar na shiga ƙaramar bas na tafi Bebeji. Na sauka wajen wani mai unguwa da muka yi kwaleji da ƙaninsa. Ya tara mini dattawa biyar a zaurensa. Na ce na kawo wasiƙa ne, ta yi latti. Na tambaya ko akwai gidan da ake labarin wani Ɗanjuma ɗan Khadija, mai ilimi, da ya ɓace zamanin yaƙe-yaƙe. Suka dubi juna. Ɗaya ya ce, "Malam, wane gida ne ba Dije, wane gida ne ba a haihu ran Juma'a ba?" Wani ya ce kakansa yana faɗin mutanen da suka bi ayarin goro ba su dawo ba, amma suna ya tafi. Ba wanda ya san shi, Nusaiba. Na yi tsammanin haka.

Mai unguwa ya ce tunda na kawo, in karanta. Na miƙe tsaye na karanta, a hankali, kowane harafi a wurinsa. Aka yi masa addu'a, aka shafa.

Akwai wata tsohuwa a bakin zauren, ta zo kawo ƙarar awakin maƙwabci da suka shiga mata gyaɗa, tana jira a gama. Ban ma san tana saurare ba. Da na naɗe takardar sai ta ce, "Malam, maimaita mini na ƙarshen."

Na ce, "Ina jira. Kada ki yi kukana tukuna."

Ta ce, "Uwar ba ta samu ba ke nan."

Na ce ba ta samu ba.

Ta ce, "Shi kuma ba a sake shi ba."

Na ce ba a sake shi ba, Iya.

Sannan ta ce, "To Malam, tukunan ya ƙare?"

Na ce ya ƙare.

Sai ta ajiye sandarta, ta zauna a dokin ƙofa, ta ja mayafinta ta rufe fuska. Ba wanda ya ce mata ta yi shiru. Muka zauna har ta gama.

Ki sa wannan a babin in da wuri. In babu, ki dai sani wasiƙar ta isa.

Kawunki,
Mu'azu